Mai wanke allon jijiya: daga waken Kalaba zuwa kwalbar fiya-fiya

Abin da ya fi tsaya mini a rai a ranar shi ne idonsa. Saurayi ne ɗan kimanin shekara ashirin, ɗan dako a shagon waken kawuna da ke Agege a Legas. An fito da shi daga sito an kwantar a kan buhu a bakin ƙofa. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, yawu na dalala ta gefen baki, ƙirjinsa na kurkur kamar ana zuƙar ruwa da tsinke, naman cinyarsa kuma sai motsi yake a ƙarƙashin fata shi kaɗai. Da na ɗaga fatar idonsa, sai na ga ɗigon baƙin nan na tsakiya ya tsuke ya koma kamar tsinin allura, alhali a inuwa muke. Tun safe yana cikin sito, ƙofa a rufe, yana yayyafa fiya-fiya a kan wake yana cakuɗawa da hannu.

Kawu ya ce a kawo manja. Na ce, "Kawu, don girman Allah kada a ba shi komai ta baki. A tuɓe masa rigar nan, a wanke shi da ruwa da sabulu, a nemo mota." Ya ce, "Kai ɗan nan, tun kafin a haife ka manja ke kashe guba." Na ce, "Kawu, maƙogwaronsa ba ya riƙe komai yanzu, huhu manjan zai wuce." Allah Ya sa ya saurare ni. Aikina haɗa magunguna ne, shi ya sa na gane abin da nake gani. Amma a cikin motar da ta ɗauke mu, Kawu ya yi mini wata tambaya da ban iya amsa masa a gurguje ba. Ya ce, "Abin da aka yi don ƙwaro, me ya haɗa shi da mutum?" Amsar wannan tambaya ta ci rayuwar masana da dama, ɗaya daga cikinsu ma shekara arba'in da wani abu ya yi yana bin ta.

Kowace tsoka a jikinmu ba ta motsi sai an aiko mata da umarni. Umarnin yakan taso daga ƙwaƙwalwa ko laka, ya bi jijiyar saƙo a matsayin ɗan lantarki mai rauni. To amma jijiyar ba ta manne da tsokar ba. Akwai ɗan gibi tsakaninsu, kimanin nanomita 50, wanda silin gashi ɗaya ya fi shi kauri fiye da sau dubu. Lantarkin ba ya tsallake wannan gibi. Idan ya iso bakin gaɓa, sai bakin jijiyar ya fesa wani sinadari da ake kira asetilkolin. Sinadarin ya haye, ya dafe a wasu mazaunai da ke jikin tsokar, tsokar ta tsuke. Haka ake ɗaga hannu, haka ake ƙifta ido, haka ake jan numfashi. Wannan sinadarin dai shi ne kuma ke gaya wa zuciya ta rage gudu, ya gaya wa baki ya kawo yawu, ya gaya wa hanji ya motsa, ya gaya wa baƙin ido ya tsuke.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san cewa rubutu rabin aiki ne. Idan ka haddace abin da ke kan allonka, sai ka wanke kafin malam ya ɗora maka sabon karatu. Allon da ba a wankewa, ana ta zuba masa tawada a kan tawada, baƙi ƙirin zai koma, babu harafin da za a iya karantawa. Gibin nan na tsakanin jijiya da tsoka allo ne da ake rubutawa a wanke sau gomomi a cikin sakan guda. Mai wankewar wani furotin ne, daga cikin waɗanda ake kira enzayim, wato masu hanzarta aikin sinadarai a jiki. Sunansa asetilkolinestares, a taƙaice kolinestares. Aikinsa ɗaya tal: ya kama asetilkolin ya raba shi biyu, kolin da asetet, saƙon ya mutu. Yana cikin enzayim mafi sauri da aka sani. Ƙwararsa ɗaya kan raba dubban ƙwayoyin asetilkolin a sakan guda, adadin da aka fi ambata shi ne kusan 25,000. Kafin kashi ɗaya cikin dubu na sakan ya wuce, allo ya yi fes, jijiyar ma ta tsotse kolin ɗin ta sake ƙera sabon saƙo da shi.

Fiya-fiya wannan mai wankin take ɗaurewa. Sinadarin da ke cikin mafi yawan kwalaben da ake sayarwa a kasuwanninmu daikulobos ne, daga dangin da ake kira oganofosfet. Yakan shiga bakin enzayim ɗin ya maƙale, ya ƙi fita. Daga nan duk saƙon da aka aika sai ya tsaya yana ta maimaita kansa. Yawu ba ya tsayawa, majina ta cika huhu, hanji ya saki, zuciya ta yi sanyi, ido ya tsuke. Tsoka kuwa da farko rawa take yi, daga baya ta gaji ta daina amsawa gaba ɗaya, har da tsokar da ke jan numfashi. Ƙwaron wake, kyankyaso, kuɗin cizo, sauro, dukkansu da irin wannan enzayim jijiyoyinsu ke aiki. Mu ma haka. Bambancinmu da su galibi na girman jiki ne da yawan abin da ya shiga.

Abin da ke ba ni mamaki a tarihin nan shi ne daga ƙasarmu zaren ya faro. A Tsohuwar Kalaba, Efik suna da wani wake mai guba da suke kira esere, suna shayar da wanda ake zargi da maita ko kisa. Wanda ya amayar an wanke shi, wanda bai amayar ba ya mutu an ce laifinsa ne ya ci shi. Masu wa'azin Kirista 'yan Sikotilan da suka sauka a can daga 1846 su suka riƙa aika waken zuwa Edinbura. A 1855 wani farfesan ilimin guba, Robert Christison, ya ci ɗan gutsure don ya ji yadda take aiki, jikinsa ya saki, bugun zuciyarsa ya rikice, sai da ya sha ruwan sabulun da ya yi aski da shi ya yi amai. A 1864 aka ware sinadarin da ke ciki aka sa masa suna fisostigmin, wasu kuma suka kira shi eserin, daga sunan Efik ɗin. Likitocin ido suka lura yana tsuke baƙin ido, ba a jima ba aka fara ɗiga shi don rage matsin ruwan ido a cutar gilakoma. Sun yi shekaru sittin suna amfani da shi ba tare da sanin me yake taɓawa a jiki ba.

Wanda ya buɗe ƙofar Otto Loewi ne, a birnin Graz na Ostiriya, a 1921. Ya ɗauki zukatan kwaɗi biyu suna bugawa a cikin ruwan gishiri. Ya tsokani jijiyar ta farko da lantarki, ta rage gudu. Ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, wadda ba a taɓa jijiyarta ba, ita ma ta rage gudu. Ke nan jijiya wani abu take zubarwa. Bayan shekara biyar shi da abokin aikinsa Navratil suka nuna cewa akwai wani abu a naman zuciyar da ke lalata wannan sinadari nan take, kuma eserin na Kalaba shi ne ke hana shi. A Landan, Henry Dale ya riga ya yi hasashen irin wannan mai lalatawa tun 1914, kuma a 1936 shi da Wilhelm Feldberg da Marthe Vogt suka tabbatar cewa asetilkolin ne jijiya ke fesa wa tsokar da muke motsawa da gangan. Ba su iya kama sinadarin ba sai da suka sa eserin ya riƙe musu mai wankin. A shekarar ce aka ba Dale da Loewi kyautar Nobel.

A nan ne mutumin da nake son dakatawa a kansa ya shigo, David Nachmansohn. An haife shi a 1899 a garin da yanzu ake kira Dinifro a Yukiren, ya tashi a Balin, ya yi karatun likita a can. Ya samu horo a ɗakin binciken Otto Meyerhof, inda ake bin diddigin yadda tsoka ke samun ƙarfin motsi. Bayahude ne, saboda haka da Hitila ya hau mulki a 1933 ya bar Jamus ya koma Faris. A can ne ya ci karo da gardamar da ta raba masana jijiya gida biyu. Ɓangare ɗaya na cewa lantarki ne ke tsallakawa kai tsaye daga jijiya zuwa tsoka. Ɗaya ɓangaren na cewa sinadari ne. Hujjar masu lantarki mai ƙarfi ce: tsoka na iya amsa umarni sau da yawa a sakan guda, wane sinadari ne za a zuba a kwashe da wannan sauri?

Nachmansohn ya ga cewa tambayar ta lissafi ce. Idan akwai mai wanki, to nawa ne yawansa, a ina yake zaune, kuma saurinsa ya kai? A 1937 shi da Annette Marnay suka riƙa yanka tsokar cinyar kwaɗo gunduwa-gunduwa suna auna ƙarfin enzayim ɗin a kowane yanki. Suka tarar ya fi taruwa a daidai inda jijiya ke sauka a kan tsokar. Da suka yi lissafin ƙanƙantar wurin, sai ya nuna cewa abin da ke tattare a ɗigon nan ya isa ya share saƙo cikin ɗan lokacin da ake buƙata. Ina ganin wannan shi ne aikinsa mafi kyau, don bai tsaya jayayya da baki ba, ma'auni ya ɗauko.

Matsalarsa ita ce ɗigon ya yi ƙanƙanta, ba za a tatsi abin kirki daga ciki ba. Mafita ta zo daga kifi. Masunta a Neja da Binuwai da Tafkin Chadi sun san minjirya, kifin nan da in ka taɓa shi sai ya fizge ka. A teku akwai wani faffaɗan kifi mai irin wannan baiwa da ake kira tofido. Gaɓar da yake tara lantarki da ita asalinta tsoka ce da ta daina tsukewa, ta koma faifai a kan faifai, kowane faifai jijiyoyi sun lulluɓe fuskarsa guda. Wato abin da yake ɗigo a jikin kwaɗo, a jikin wannan kifi tsoka guda ce da za ka ɗora a sikeli. Da Nachmansohn ya auna, ya tarar naman gaɓar na iya narkar da asetilkolin da ya kai nauyinsa ko ya fi a cikin awa guda, duk da cewa yawancinsa ruwa ne. A 1939 ya haɗu da Feldberg da Alfred Fessard a tashar binciken teku ta Arcachon a Faransa, suka nuna cewa asetilkolin ne ke kunna lantarkin kifin. Tun daga lokacin, kusan duk wani babban abu da aka gano game da wannan enzayim da mazaunin asetilkolin, daga jikin kifayen lantarki aka fara ciro shi.

A 1939 ɗin ya haye zuwa Amurka, ya fara zama a Jami'ar Yale, a 1942 ya koma Jami'ar Columbia a New York inda ya ƙare aikinsa. A can ya koma amfani da wani dogon kifin lantarki na kogunan nahiyar Amurka ta Kudu. A 1943 shi da Machado suka gano ɗaya rabin labarin, wato enzayim ɗin da ke ƙera asetilkolin tun farko, suka kuma nuna cewa ƙirar tana cin makamashin da ƙwayoyin jiki ke adanawa a sinadarin ATP. Mujallun kimiyya uku suka mayar masa da takardar kafin ta huɗu ta buga. Yau kowane ɗalibin likitanci a Idi-Araba ta Legas ko Zariya yana karanta wannan a shekararsa ta biyu.

Akwai kuma inda ya kauce, kuma bai kamata a ɓoye ba. Da ya ga akwai kolinestares a tsawon jijiya, ba a bakinta kaɗai ba, sai ya ɗauka cewa asetilkolin ne ke tafiyar da lantarkin a cikin jijiyar tun daga tushe har ƙarshe. A 1952 Alan Hodgkin da Andrew Huxley a Ingila suka nuna cewa shiga da fitar sodiyam da fotasiyam ta bangon jijiya ne ke ɗauke da saƙon, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su bar wa asetilkolin gurbi a wannan tafiya ba. Nachmansohn bai sauka daga ra'ayinsa ba, ya ci gaba da kare shi shekara da shekaru har kusan rasuwarsa a 1983. Nakan ji ciwon wannan idan na karanta tarihinsa. Naci ne ya kai shi ga kifin, nacin ne kuma ya hana shi sakin abin da hujja ta riga ta kayar. Amma ma'aunansa ba su tashi a banza ba, don daga ɗakin bincikensa ne maganin da ake yi wa irin yaron Kawu allura ya fito.

Ga yadda aka yi. A Jamus ɗin da ya baro, wani masanin sinadarai na kamfanin IG Farben, Gerhard Schrader, yana neman maganin ƙwarin gona, a 1936 ya haɗa tabun, a 1938 aka haɗa sarin. Da aka ga abin da suke yi wa mutum sai soja suka karɓe su. Dangi ɗaya ne da faratiyon na gona da daikulobos na sito, ƙarfi ne ya bambanta. Sarin ɗin nan shi aka saki a jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa a Tokiyo ranar 20 ga Maris 1995, shi aka harba a Guta ta Siriya a 2013. Bayan yaƙin duniya na biyu kowa na neman makari. A ɗakin Nachmansohn, wani matashi mai suna Irwin Wilson ya zauna ya fahimci yadda bakin enzayim ɗin yake: gefe guda na riƙe asetilkolin, gefe guda na yanka. Gubar a gefen yankan take maƙalewa. Sai ya yi tunanin ƙera wani abu da zai dafa gefen riƙon, ya miƙa hannu ya fizge gubar daga gefen yankan. A 1955 shi da Sara Ginsburg suka fitar da firalidokzim. Wasu masana a Ingila ma sun kai ga irinsa a daidai lokacin, likitocin Japan kuma suka fara gwada shi a kan manoman da faratiyon ya kama. Yana cikin magungunan farko da aka zauna aka zana su da gangan bisa siffar abin da ake son su gyara, ba dace aka yi ba.

Sai dai kada a ɗauka an gama. Idan gubar ta daɗe a bakin enzayim ɗin, takan sauya kama ta ƙafe, makarin ba ya iya cire ta kuma. Ga dangin daikulobos, wannan kan faru cikin 'yan awoyi. Wani babban gwaji da aka yi a Siri Lanka aka buga a 2009 bai nuna cewa firalidokzim ya rage mace-mace ba, har yanzu likitoci na tattauna wa ya kamata a ba da kuma yaushe. Abin da babu jayayya a kansa shi ne atirofin. Shi ba ya taɓa enzayim ɗin, mazaunin saƙon yake toshewa a zuciya da huhu da hanji, sai majina ta bushe, zuciya ta dawo da gudunta. Na tsaya na ga ana yi wa yaron nan allurarsa, ana ƙarawa, ana ƙarawa, likita na ɗora abin sauraro a bayansa bayan kowace allura, har kurkur ɗin ya lafa. Amma atirofin ba ya tayar da tsokar numfashi idan ta kwanta. Wannan sai na'urar taya numfashi. Akwai ma waɗanda sukan farfaɗo, bayan kwana ɗaya zuwa huɗu wuya ya saki, numfashi ya gaza. Shi ya sa idan asibiti suka ce a bar mutum ya kwana biyu, kada dangi su matsa a sallame shi don ya buɗe ido ya yi magana.

Wani zai ce ai atirofin ɗan'uwan abin da ke cikin zaƙami ne. Gaskiya ne, dangin tsiro ɗaya ne. Amma wanda ya ɗura wa mai guba zaƙami ya haɗa masa guba biyu, don babu mai iya auna abin da ke cikin 'ya'yan tsiro da ido.

Siffar enzayim ɗin kanta ba a gan ta ba sai 1991, shekara takwas bayan rasuwar Nachmansohn, lokacin da Joel Sussman da Israel Silman da abokan aikinsu a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka fitar da taswirarsa, daga kifin tofido dai har wa yau. Kowa ya zaci abu mai irin wannan sauri bakinsa a fili zai kasance. Sai aka tarar wurin yankan yana can ƙasan wani rami mai zurfi da ƙunci, kamar rijiya, bangonsa jere da wasu sassa da ke janyo asetilkolin suna gangara da shi. A Faris kuma Jean Massoulié ya shafe shekaru yana nuna cewa enzayim ɗin ba siffa ɗaya yake zuwa ba. Na bakin tsoka yana da wata doguwar jela da ke ɗaure shi a cikin gibin kamar an kafa turke. Akwai yaran da ake haifa da tangarɗa a wannan jela, enzayim ɗinsu lafiya lau amma ba ya zama inda ake buƙatarsa, sai su tashi da raunin tsoka.

Ɗaure mai wankin ba kullum ne sharri ba, idan an yi shi da ma'auni kuma na ɗan lokaci. Akwai cutar da ake kira mayasteniya, inda garkuwar jiki ke lalata mazaunan saƙo a tsoka, fatar ido ta riƙa faɗuwa, tauna ta gagara da yamma. A 1934 wata likita a Landan, Mary Walker, ta yi wa wata mai wannan cuta allurar fisostigmin, fatar idon ta ɗaga. Saƙon ya ɗan daɗe a kan allo, 'yan mazaunan da suka rage suka samu damar karantawa. Jikokin wannan magani, niyostigmin da firidostigmin, suna nan a kantocinmu. Da niyostigmin ake tayar da tsokar wanda aka sassauta wa jiki a ɗakin tiyata. Donefezil da ake ba tsofaffi masu cutar mantuwa tun 1996 shi ma wannan enzayim yake rage wa gudu a ƙwaƙwalwa, ko da yake sauƙi yake kawowa, ba ya tsayar da cutar. Bambancin waɗannan da fiya-fiya shi ne su sukan riƙe su saki, kuma da miligiram ake auna su.

To mu dawo Legas. Waken da ke sauka a Mile 12 da Agege da Alaba Rago daga Arewa yake zuwa, kuma mafi yawan masu sauke shi da adana shi mutanenmu ne. Na san abin da ke tura ɗan kasuwa ga kwalbar nan. Ɗumi da laimar Legas aljannar ƙwaro ce, buhun da ka saya da tsada zai iya komawa gari da ƙwanso cikin 'yan makonni, bashin dillali kuma na jira. Ban ɗauki Kawu a matsayin mugu ba. Amma wanda ke cikin sito yana cakuɗawa shi ne ya fi kowa shan wuya, domin daikulobos yana tashi a iska a shaƙe shi, yana kuma ratsa fata, balle fatar da ta yi gumi. Bayan shi sai mai saye. Haka a ɗakunan haya da ake kwana mutum shida ko takwas: a fesa don kuɗin cizo da magariba, a rufe taga saboda sauro, a shimfiɗa tabarma a kwanta. Yaro ƙarami da ke kwance a ƙasa shi ne jikinsa ya fi ƙanƙanta, shi ne kuma hancinsa ya fi kusa da inda aka fesa. Sai kuma ɗurawa da ake yi a robar ruwa ko ta lemo a ajiye a ƙarƙashin gado, wannan kam ina roƙon kowa da Allah ya daina.

A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben daikulobos na gona a kasuwanni da manyan kantuna, bayan yawaitar masu shan sa cikin ƙuncin rai. Duk wanda ke zagaya kasuwa ya san har yanzu ana samun sa. Ina goyon bayan a tsaurara, kuma ina da dalili. Siri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafi haɗari daki-daki, adadin masu kashe kansu ya faɗi ƙasa warwas daga inda yake a tsakiyar shekarun 1990, noma kuma bai durƙushe ba. Ƙuncin rai sau da yawa na ɗan lokaci ne, idan abin da ke kusa da hannu ba mai kisa ba ne mutum kan tsira ya samu mai saurarensa.

Idan abin ya faru, a fitar da mutum iska, a cire tufafin, a wanke fata da ruwa da sabulu, mai wankewa ya sa leda a hannu. A kwantar da shi ta gefe don yawu ya zubo waje. Ba manja, ba madara, ba sa yatsa a maƙogwaro. A ɗauki kwalbar a tafi da ita don likita ya ga sunan sinadarin. A Legas ana kiran 112 ko 767, amma in akwai mota a kusa kada a tsaya jira.

Yaron ya yi kwana biyar a asibiti, ya tashi. Ya koma gida Arewa ya huta wata guda, ya dawo bakin aikinsa. Da kakar da ta biyo na kai wa Kawu buhunan PICS guda goma, irin waɗanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka yaɗa su a Afirka ta Yamma daga 2007: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure bakinsa daban. Iska ce ke ƙare wa ƙwaron a ciki ya mutu, ba a zuba komai. Kawu ya juya buhun, ya ja ledar ya ji ƙarfinta, ya tambayi kuɗinsa, ya ce ya yi tsada. Na ce ana sake amfani da shi muddin bai huje ba. Ya cika biyar ya ɗaure da kansa, ya jingine su a lungu, ya ce ba za a buɗe ba sai bayan wata huɗu, kuma in zo a buɗe a gabana.